Nana Asma'u ɗiyar Shehu, uwar ƴan taru

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin wata malama wadda ta rasu tun 1864, amma aikinta ya shafi abin da muke ta muhawara a kansa a tarukanmu, wato karatun mata da ɗiya mata.

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekara ta 1793. Ubanta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi, a ƙasarmu ta Nijar. Uwarta sunanta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan uwanta Hasan. Gidansu gidan karatu ne, maza da mata duka suna riƙe da allo. Nan ta sauke Alƙur'ani, ta shiga littattafai. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin yaren Buzaye.

Tana da shekara kamar 11 rigima ta tashi tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ita ma tana cikinsu. Ta ga yunwa da tafiyar ƙasa da mutuwar dangi tun tana ƙarama. An yi ta yaƙi har Alƙalawa ta faɗi a 1808. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama wazirinsa.

A nan akwai maganar da ba za mu ɓoye ba. Da yawa daga cikinmu jikokin waɗanda suka yaƙi Sakkwato ne. Katsinawan da suka bi Ɗan Kasawa suka zauna Maraɗi, da Gobirawan da suka kafa Tsibiri, ba su yi mubaya'a ba. A yaƙin Gawakuke na 1836 Bello ya ci nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Asma'u tana gefen wanta, har ta yi waƙa a kan wannan nasara. Dattawanmu suna da nasu labarin waɗannan yaƙoƙi, kuma ba mu ce su bar shi ba. Amma abin da ta yi wa matan da yaƙi ya watsa ya isa mu tsaya mu duba.

Yaƙi ya tara mata masu yawa a Sakkwato da Wurno da ƙauyukan kewaye. Wasu an kamo su ne, wasu mazansu sun mutu, wasu marayu. Akasarinsu Hausa kaɗai suke ji, ba su taɓa zama gaban malami ba. Idan ciwo ko baƙin ciki ya same su, wajen bori suke nufa, don shi suka sani. Asma'u ta lura cewa littafin Larabci ba zai kai gare su ba. Mace mai daka da surfe da zuwa rijiya ba ta da lokacin zama da takarda, amma tana iya riƙe waƙa a ka, ta rera ta tana kaɗi. Sai ta mai da karatu waƙa. Ta tsara wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka, yadda mace za ta hardace su cikin ƴan kwanaki. Ta tsara wasu a kan alwala da salla da azumi, da tarihin Annabi, da labarin mata salihai na da. A 1831 ta juya waƙar ubanta mai suna Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke jan kunnen masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa a kan zalunci. Ƙanenta Isa ya taimake ta wajen mai da wasu waƙoƙinta Hausa.

Matar aure ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwana biyu don karatu. Saboda haka Asma'u ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji. Jaji ita ke jagorantar ayarin garinsu, tsofaffi da ƴan mata waɗanda ba a yi wa aure ba, su zo wurin malama. Su ake kira ƴan taru. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuwa ta raba wa makafi da guragu da gwauraye. Su zauna su koyi waƙa har ta zauna musu, su kawo tambayoyinsu da na waɗanda suka bari gida, a kan aure da gado da rashin lafiya da zaman kishiyoyi. Sa'an nan su koma, su bi gida gida suna koya wa matan kulle. Ban da karatu, ƴan taru suna wankan gawar mata, suna jinyar marasa lafiya, suna sasanta masu faɗa.

Wurin naɗin jaji ta nuna dabara. Takan ba ta malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malfa kuwa alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori, wadda duk matan ƙasar suka san girmanta. Mutanen Tsibiri sun san abin da muke faɗi. Asma'u ba ta wulakanta abin da mata suka saba girmamawa ba, ta ɗauko shi ta ɗora a kan malama. Duk inda jaji ta shiga da malfarta, ana ba ta wuri.

Manya ma suna neman shawararta. Ta yi aiki tare da Bello a kan rubuce-rubuce, tana musayar takardu da malamai har na ƙasar Shingiɗi. Bayan rasuwar Bello a 1837, ita da mijinta suka duƙufa wajen rubuta tarihin Shehu da na Bello, don kada ya ɓace. A 1839 ta rubuta littafi da Larabci a kan magani da addu'o'in Annabi. Ta yi wa Bello marsiyya, ta kuma yi wa wata jajinta mai suna Hawwa'u, da wata maƙwabciyarta wadda ba ta da sarauta ko dukiya sai kirki da zumunci. Ɗanta Abdulƙadiri ya gaji ubansa a wazirci.

Ta rasu a 1864 tana da shekara kamar 71, aka rufe ta a Hubbare kusa da ubanta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar ƴan taru, aikin bai tsaya ba. Rubuce-rubucenta kamar 60 sun tsira, da yawansu a gidan Waziri Junaidu, wanda ya fito daga tsatsonta. A 1997 aka tara su aka buga cikin littafi guda a Amurka.

To, ƴan uwa, wannan malama ba ta da lakkol mai benci, ba ta da albashi daga gwamnati. Abin da take da shi waƙa ne da dattijan mata masu ƙafar tafiya. Kowane ƙauyenmu yana da tsohuwar da mata ke jin maganarta, yana da ɗiyar da ta yi lakkol ta dawo gida ta zauna. Idan an haɗa su biyu aka ba su fitila da allo da alli, kwas ɗin yaƙi da jahilci na mata ya tashi. Masu aiko da kuɗi daga Yamai da Kano da Legas da Abijan, ku tuna da wannan in an zo rabon kuɗin ƙungiya. Dattawa kuma, in an zo maganar fid da yarinya daga karatu da sunan addini, ku tuna ɗiyar wa ce ta koyar da ƴan taru.

Allah ya jiƙanta, ya jiƙan magabatanmu na kowane gefe. Amin.