James Joule: Mutumin da ya auna zafin da ke cikin wayar lantarki

Duk wanda ya taɓa wayar dutsen guga ya ji ta ɗauki zafi, ya ci karo da ƙa'idar da James Prescott Joule ya gano fiye da shekaru 180 da suka wuce.

An haifi Joule ne a ranar 24 ga watan Disamban 1818 a garin Salford da ke kusa da Manchester a Ingila. Mahaifinsa attajiri ne mai masana'antar giya.

Saboda rashin ƙoshin lafiya, a gida ya yi karatu, daga bisani kuma ya ɗauki darasi wurin shahararren masanin kimiyya John Dalton. Bai taɓa riƙe muƙami a jami'a ba.

Tun yana matashi ya so ya maye gurbin injin tururi da injin lantarki, amma lissafinsa ya nuna masa cewa batirin wancan zamani ya fi kwal tsada nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa ya koma binciken inda ƙarfin lantarki ke salwanta.

Ruwa da ma'aunin zafi

A shekarar 1840 Joule ya riƙa tsoma waya cikin ruwa, ya sakar mata lantarki, sannan ya auna ɗumin ruwan.

Kowace waya dai tana da turjiya, wato cijewar da take yi wa lantarkin da ke ratsa ta, kamar yadda siririn bututu ke takura ruwa. Bajamushe Georg Ohm ya riga ya yi bayanin turjiyar a 1827.

Abin da Joule ya gano shi ne, idan aka ninka turjiya sau biyu alhali yawan lantarkin bai sauya ba, zafin zai ninku sau biyu. Amma idan yawan lantarkin aka ninka sau biyu, zafin zai ninku har sau huɗu.

Alal misali, waya mai turjiyar om 2 da ke ɗauke da amfiya 5 tana ɓarar da wat 50, idan kuwa aka kai amfiya 10, asarar za ta zama wat 200.

Ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ba ta ɗauki aikin da muhimmanci ba, taƙaitaccen bayaninsa kawai ta buga. Sai a 1841 ne cikakken rahoton ya fito a wata mujallar.

Al'amura sun fara sauyawa ne a 1847, lokacin da William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya saurari jawabinsa a Oxford. A 1850 ƙungiyar ta karɓe shi a matsayin ɗanta, ta kuma ba shi babbar lambar yabonta ta Copley a 1870.

Daga Kumbotso zuwa Dutse

Ƙa'idar Joule ce dalilin da ya sa ake ɗauko wuta daga tashar Kumbotso da ke Kano zuwa Dutse, babban birnin jihar Jigawa, da ƙarfin bolt dubu 132, kafin taransifoma ta sauko da ita zuwa kimanin 230 da ake amfani da shi a gidaje.

Idan aka ɗaga ƙarfin sau goma, yawan lantarkin da ake bukata zai ragu sau goma, asarar da ake yi a hanya kuma ta ragu sau ɗari.

Haka nan ƙa'idar ta bayyana haɗarin siririyar waya, wadda ta fi mai kauri turjiya. Idan aka jona mata abin dafa ruwa da dutsen guga lokaci guda, tana iya narkar da robarta har gobara ta tashi a gida ko a kasuwa.

Dukiyar Joule ta ja baya a ƙarshen rayuwarsa, har gwamnatin Birtaniya ta yanka masa fanshon fam 200 a shekara daga 1878.

Ya mutu a ranar 11 ga watan Oktoban 1889 a garin Sale, yana da shekaru 70, a shekarar da taron masana lantarki na duniya a Paris ya amince a sanya wa ma'aunin makamashi sunansa.