Jean Bugatti, Maƙerin Da Ya Rasu Wajen Gwajin Motarsa

An haifi Jean Bugatti a birnin Kolon na ƙasar Jamus ranar 15 ga Janairu, 1909. Ya tashi a garin Molsheim, inda mahaifinsa Ettore ya kafa masana'antar ƙera motocin alfarma. Da yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, tun yana saurayi ya kama zanen gangar jikin motocin gidansu.

A 1935 ya fito da motar gwaji mai suna Aérolithe a baje kolin motoci na Paris. An ƙera jikinta da ƙarfe marar nauyi mai sinadarin maganiziyam, wanda kan kama da wuta wajen walda. Don haka aka haɗa ɓarin dama da na hagu da ƙusoshi ta waje, haɗin ya taso bisa rufin kamar ƙashin baya. Da aka zo ƙera Atlantic, guda huɗu kacal, an koma alminiyam mai karɓar walda, amma Jean ya bar haɗin, ya zama tambarin motar.

Mahaifinsa ya hana shi shiga tsere, sai dai yakan gwada motocin da kansa. Ranar 11 ga Agusta, 1939, yana gwajin motar da ta lashe tseren Le Mans na shekarar, ya kauce wa wani mai keke kusa da ƙauyen Duppigheim, ya daki bishiya. Ya rasu yana da shekara 30. Mako uku bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, masana'antar mahaifinsa kuwa ba ta sake farfaɗowa kamar da ba.