Imam Kamaluddin Addamiri: telan Alƙahira da ya tsara sunayen dabbobi don a san hukuncinsu

 

A wannan mako za mu ɗauko tarihin wani malami wanda littafinsa ya fi sunansa shahara a tsakanin almajirai. Da yawa daga cikinmu sun ji labarin Hayatul Hayawan, wasu ma ba su san shi ba sai ta fuskar sirrin magani da fassarar mafarki. Amma wanda ya rubuta shi faƙihi ne na mazhabar Shafi'iyya, masanin hadisi, mai wa'azi, kuma abin da ya dame shi tun farko shi ne yadda masu ilimi ke kiran sunan dabba ba tare da sun san wace ce ake nufi ba.

Sunansa Muhammadu ɗan Musa ɗan Isa, ana yi masa laƙabi da Kamaluddin, alkunyarsa Abul Baƙa'i. An haife shi a Alƙahira a shekara ta 742 bayan Hijira, daidai da 1341 Miladiyya, zamanin mulkin Mamalik. Ana jingina shi ga Damira, wani gari a arewacin Masar inda asalin gidansu yake. Yana da kimanin shekara 7 babbar annobar nan ta shekara ta 749 ta auka wa Masar ta ɗebe jama'a masu ɗimbin yawa, Allah Ya kuɓutar da shi. Da ya tasa, ɗinki ya kama, da allura da zare yake ci da kansa, kafin daga baya ya tattara hankalinsa ga karatu.

Ya dace da manyan malamai. Ya lazimci Baha'uddin Assubki, ya ɗauki fiƙihu wurin Jamaluddin Al'isnawi, ya karanci harshen Larabci wurin Ibnu Aƙil, wanda har yau da sharhinsa muke warware Alfiyyar ɗan Malik a zaurukanmu. Adabi kuwa ya ɗauke shi wurin Burhanuddin Alƙiraɗi. Ya yi aikin Hajji sau da dama, ya zauna a Makka yana karatu yana karantarwa. A Alƙahira yana da da'irar karatu a masallacin Azhar ranar Asabar, yana karantar da hadisi a ƙubbar Baibars, yana kuma yi wa jama'a wa'azi a masallacin Zahir bayan La'asar ɗin Juma'a. Masanin tarihin Masar, Almaƙrizi, yana cikin waɗanda suka zauna majalisin wa'azinsa, haka nan Taƙiyuddin Alfasi, mai tarihin Makka, ya ɗauki karatu daga gare shi. An san shi da yawan azumi da tilawa, kuma yana cikin sufayen zawiyar Sa'idus Su'ada. A fagen fiƙihu babban aikinsa shi ne Annajmul Wahhaj, sharhin Minhaju na Imamu Nawawi.

To me ya kai irin wannan malami ga rubutu a kan kada da kwaɗo da ƙadangare? Shi da kansa ya faɗi dalili a gabatarwar littafin. Ba wani sarki ko ɗalibi ne ya roƙe shi ba. A wani majalisin karatu ne aka ambaci sunan wani tsuntsun bakin ruwa irin zalɓe, da kuma sunan da Larabawa ke kiran namijin kura da shi, sai mahalarta suka ruɗe, gardama ta kaure, kowa na faɗin abin da ya zo masa a baki. Abin ya ba shi takaici, ganin cewa waɗannan sunaye suna cikin hadisai da littattafan fiƙihu, kuma a kansu ake gina halal da haram. Sai ya zauna ya yi aikin, ya kammala shi a watan Rajab na shekara ta 773, yana da shekara 31 ko kusa da haka.

Littafin ƙamus ne, an jera shi bisa haruffan Larabci, yana da babi 1069, ko da yake dabbobin ba su kai haka ba, domin dabba ɗaya kan zo da sunaye da yawa. Ya buɗe da zaki don girmansa a cikin namun daji. An ce ya tsamo bayanansa daga littattafai 560 da diwanan waƙa 199. A ƙarƙashin kowace babbar dabba yakan fara da lafazin sunan da jam'insa, sai siffarta da ɗabi'arta, sai hadisan da suka ambace ta, sai hukuncin cin namanta, sai karin maganar Larabawa a kanta, sai amfaninta a magani, sai ma'anar ganinta a mafarki. Alƙalaminsa yakan yi yawo ƙwarai. A babin dinya, misali, ya saki tsuntsuwar ya shiga tarihin halifofi shafuka masu yawa kafin ya dawo.

Wannan tsari ya bambanta da na Aljahiz, mutumin Basra da ya rasu a shekara ta 255, wanda ya kasa dabbobi bisa yadda suke motsi: mai tafiya, mai tashi, mai iyo da mai jan ciki, rabon da ke tuna mana aya ta 45 a Suratun Nur. Addamiri bai bi wannan hanya ba. Rabon da ke aiki a cikin littafinsa na faƙihai ne: wannan dabba ta tudu ce, ko ta ruwa, ko mai rayuwa a duka biyun? Tana da jini mai gudana? Tana farauta da fiƙa? Larabawa suna ƙyamarta? Kuma babu inda waɗannan tambayoyi suka fi wuyar amsa kamar a kan masu rarrafe da masu jan ciki.

Mu ɗauki kada, tunda mu mutanen Kaduna ne, kuma mashahurin zance shi ne daga jam'in sunansa, kadduna, garin ya samo suna. A wurin Shafi'awa kada haramun ne, Addamiri kuma bai tsaya ga faɗin hukuncin ba, ya bi diddigin illarsa. Wasu sun ce don yana kai hari da haƙoransa ne. Sai ya kawo maganar Muhibbuddin Aɗɗabari cewa wannan illa ba ta tsayuwa, domin babban kifin teku da ake kira ƙirshu shi ma da haƙora yake farauta amma halal ne. Abin da ya haramta kada shi ne ƙyama da cutarwa. Kwaɗo ma haramun ne a wurinsu, saboda hadisin Abdurrahman ɗan Usman da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, cewa wani likita ya nemi izinin sa kwaɗo a cikin magani, Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya hana shi kashe shi. Mu kuwa Malikawa ƙofar ta fi faɗi a wurinmu. Shaihu Halilu, wanda ya yi zamani da Addamiri a birni ɗaya, ya halatta dabbar ruwa a Muhtasar ko da mushe ce, ya kuma halatta macijin da aka amintu daga dafinsa, masu sharhi kuma suka shigar da kada da kwaɗon ruwa da kififiya cikin dabbobin ruwa ko da suna daɗewa a tudu. Saɓanin ya taso ne daga inda kowace mazhaba ta ajiye dabbar a cikin rabonta.

Inda littafin ya fi yi mana amfani, a ganinmu, shi ne batun damo. Mun sha jin ana fassara hadisin Halidu ɗan Walid, Allah Ya yarda da shi, wanda ke cikin Buhari da Muslim, da cewa an kawo wa Manzon Allah gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa, ya bayyana cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, Halidu kuma ya ci a gabansa. Kalmar da ke cikin hadisin ita ce dabbu. Addamiri ya ware wa dabbu babi, ya ware wa waralu wani babin daban, ya siffanta waralu da cewa yana da ƙirar dabbu amma ya fi shi girma, wutsiyarsa doguwa ce, yana da zafin nama, kuma yana cin macizai. Saboda haka ya halatta dabbu da nassin hadisi, amma a kan waralu ya karkata ga haramci, tare da kawo ra'ayin Arrafi'i na a koma ga ko Larabawa suna ganinsa abinci mai daɗi ko suna ƙyamarsa.

Wanda ya san daji zai gane abin da ake faɗi. Dabbu ƙadangaren sahara ne mai gajeriyar wutsiya mai kauri da zobban ƙaya, ganye da tsirrai ne yawancin abincinsa, masana suna kiran jinsinsa Uromastyx, ana samunsa a ƙasar Larabawa da cikin Sahara, har da duwatsun Azbin a arewacin Nijar. Damon da mafarautanmu ke kamawa kuwa, shi da guza, 'yan gida ɗaya ne da ake kira Varanus, masu doguwar wutsiya da harshe mai baki biyu, masu cin ƙwari da dodon koɗi da ƙwai da ƙananan dabbobi. Wato su ne waralu. Ba muna cewa damo ya haramta ga Bamalike ba, a'a, mazhabarmu tana da nata ƙa'idojin da za a auna shi da su. Abin da muke cewa shi ne hadisin Halidu ba a kan damo ya zo ba, kuma mai fatawa da ya kafa hujja da shi ya kafa ta a kan wata dabba daban. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Haka batun tsaka. Umarnin kashe wazagu ya tabbata a hadisin Ummu Sharik, wazagu kuwa ita ce tsakar da ke bin bango da dare. Addamiri ya ba ta babinta, ya kuma ba sauran ƙadangaru nasu babukan da sunayensu. Amma a lungunan Unguwar Mu'azu za ka tarar da yara sun tasa jan gwada gaba da jifa, idan ka tsawata musu su ce lada suke nema. Wani babba ne ya fassara musu kalmar bai tantance ba.

Ba za mu rufe wa mai karatu cewa littafin yana ɗauke da tatsuniyoyi ba, domin malamin mai tarawa ne, yana naƙalto abin da ya tarar wurin Aljahiz da Alƙazwini da Aristo, ba mai fita bakin kogi da ma'auni ba ne. Ya kawo cewa kada na yin ƙwai a tudu, ɗan da ya faɗa ruwa ya zama kada, wanda ya tsaya a tudu ya zama wata irin kulɓa. Ya kawo cewa wasu kwaɗi daga ruɓaɓɓen ruwa ake halittarsu ba tare da barbara ba, kuma kwaɗo ba shi da ƙashi. Duk waɗannan ba haka suke ba. Sai dai a cikin wannan babin ne kuma ya siffanta farkon kwaɗo da baƙaƙen ɗigo a ruwa kamar ƙwayar gero, sannan ya fito talibambam, sannan gaɓoɓinsa su bayyana. Duk wanda ya leƙa kududdufi a tsakiyar damina ya ga hakan da idonsa. Sashen magunguna da na mafarki su ne suka fi buƙatar taka tsantsan, abin takaici kuma su ne aka fi nema.

Kada kuma a ɗauka wannan ruɗani na malaman da ne kaɗai. Liniyas, ɗan ƙasar Suwidin da ake ɗauka uban tsarin sunayen halittu na zamani, a bugu na 10 na littafinsa a shekarar 1758 ya zuba kada da kunkuru da maciji da kwaɗo a aji ɗaya, har ya haɗa musu da irin kifin nan ƙirshu. Wannan fiye da shekara 380 ke nan bayan Addamiri ya ajiye alƙalami. Sai a farkon ƙarni na 19 masana a Faransa, irin su Latreille, suka raba ajin gida biyu: masu ɓawo a jiki, masu numfashi da huhu tun ƙyanƙyasa, waɗanda ƙwansu ba ya buƙatar ruwa, su ne kada da maciji da ƙadangare da kunkuru, da masu laushin fata da yawancinsu ke fara rayuwa a ruwa kafin su sauya kama, su ne kwaɗi da danginsu. Ko kadan da ke kogunan Afirka ta Yamma an daɗe ana ɗaukarsa ɗaya da na kogin Nilu wanda Addamiri ya siffanta, har sai da binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar a shekarar 2011 cewa jinsi ne mai zaman kansa.

Littafin ya karɓu tun mai shi na raye. Ya fito a siga uku, babba da matsakaiciya da ƙarama. Badaruddin Addamamini, wanda Bamalike ne, ya taƙaita shi ya kira shi Ainul Hayat. Imamu Suyuɗi, wanda ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, shi ma ya taƙaita shi da sunan Diwanul Hayawan. An fassara shi zuwa Farisanci da Turkanci, an buga shi a maɗaba'ar Bulaƙ a ƙarni na 19, sannan wani likita ɗan Indiya mai suna Jayakar ya fassara wani sashe nasa zuwa Turanci tsakanin 1906 da 1908.

Addamiri ya rayu shekara 35 bayan kammala wannan littafi, yana karantarwa yana ba da fatawa yana kai da komo tsakanin Alƙahira da Makka. Ya yi wa Sunan na Ibnu Majah sharhi mai suna Addibaja, amma ajali ya riske shi kafin ya gama tace shi. Ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Jimada Ula, shekara ta 808, daidai da 1405, 'yan watanni kafin rasuwar Ibnu Haldun a wannan birni, yana da shekara 66 a lissafin Hijira. Allah Ya jiƙansa da rahama.