George Muller: Uban Marayu Da Ya Koya Wa Yara Godiya

Karatu: Luka 17:11-19, 1 Tasalonikawa 5:18

Kutare 10 Yesu ya warkar, amma ɗaya ne kaɗai ya komo ya yi godiya. Ba a haihuwar yaro da godiya a bakinsa, koya masa ake yi. Rayuwar bawan Allah George Muller ta nuna mana yadda ake koyar da ita.

An haife shi ranar 27 ga Satumba, 1805, a garin Kroppenstedt, cikin ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa mai karɓar haraji ne, yana kuma sakar masa kuɗi, amma yaron bai san godiya ba. Tun bai cika shekara 10 ba yake satar kuɗin gwamnati da ke hannun mahaifinsa. Yana da shekara 14, a daren da mahaifiyarsa take bakin mutuwa, shi yana can yana karta da abokai. Yana da shekara 16 aka kulle shi a kurkuku, domin ya kwana a masauki ya ci ya sha ya nemi gudu bai biya ba. Mahaifin nan da yake yi wa sata shi ne ya biya bashin aka sake shi.

A shekarar 1825, yana karatun tauhidi a jami'ar Halle alhali bai san Ubangiji ba, wani abokinsa ya kai shi taron addu'a a wani gida. Maigidan ya marabce shi da fara'a, ya roƙe shi ya riƙa zuwa duk lokacin da ya ga dama. A nan ya ga mutum ya durƙusa yana addu'a, abin ya soki zuciyarsa, ya tuba. Ku duba fa, ba wani gagarumin taro Allah ya yi amfani da shi ba, gayyatar aboki ce da fara'ar maigida.

Ya tafi Ingila a 1829, ya zauna a birnin Bristol daga 1832. A 1836 shi da matarsa Mary suka buɗe gidan marayu na farko a titin Wilson, wanda aka shirya domin 'yan mata 30. Ya ƙudura ba zai roƙi kowa kuɗi ba, ba zai ci bashi ba, Allah kaɗai zai faɗa wa bukatarsa. Zuwa 1870 akwai manyan gidaje 5 a Ashley Down masu ɗaukar yara kimanin 2,000. Marayu fiye da 10,000 suka bi ta hannunsa kafin ya rasu.

Labarinsa da ya fi yaɗuwa shi ne na wata safiya da aka tashi babu abinci a gidan. Ya sa yara suka zauna gaban faranti wayam, ya yi wa Allah godiya domin abin da zai ba su. Ba a jima ba sai ga mai gasa burodi, wanda ya kasa barci ya tashi cikin dare ya gasa musu. Bayansa kuma sai ga mai madara, amalankensa ya lalace a ƙofar gidan, ya ba su madarar domin ya samu ya yi gyara.

Mukan tsaya a kan al'ajabin, mu manta da hanyar da ya biyo. Burodin bai faɗo daga sama ba. Wani ne ya hana idonsa barci ya hura wuta. Muller ya gane wannan sarai, shi ya sa yake rubuta kowace kyauta da ta shigo, yana buga lissafin kowace shekara. Kuɗi mai yawa da ɗan sulen talaka, faranti, wuƙaƙe, tufafi, duk suna da wuri a littafinsa. A cikin irin wannan gida marayun suka tashi, suna ganin babba yana godiya kafin a samu da bayan an samu.

Ya huta da aikinsa ranar 10 ga Maris, 1898, yana da shekara 92. Dutsen da aka kafa a kan kabarinsa, marayun da ya rena ne suka haɗa kuɗinsa. Abin da ya shuka a cikinsu ya tsiro.

'Yan'uwa, me yaranmu suke ji a bakinmu? Muna tashi a sujada mu ba da shaidar mota da sabon aiki, wannan daidai ne. Amma maƙwabciyar da ta riƙe mana jariri muka je kasuwa, da mai ruwan da ya turo kura cikin rana, da malamar makarantar Lahadi, wa ya taɓa jin mun ambace su? Yaron da kullum gunaguni yake ji a kan tuwo, gunaguni zai koya, wata rana kuma iyayensa ma ba zai gode musu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A daren yau, lokacin addu'ar iyali, bari kowane yaro ya faɗi mutum ɗaya da ya yi masa alheri a yau, ku yi masa addu'a da sunansa. Gobe ku aiki yaron ya je ya ce na gode da bakinsa. Yaba kyauta tukuici.

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe idanunmu ta wurin Ruhu Mai Tsarki mu ga hannuwan da kake ciyar da mu ta wurinsu. Ka sa gidajenmu su zama makarantar godiya ga 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu Kiristi. Amin.