Mungo Park

Mungo Park (11 ga Satumba, 1771 – 1806) likita ne kuma matafiyi ɗan ƙasar Sikotland. An san shi da tafiye-tafiye biyu da ya yi domin gano inda Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, ya nufa. A tafiya ta biyu ya bi kogin cikin wani jirgi da ya haɗa da hannunsa, ya ratsa yankin Bagudo da Yawuri na Jihar Kebbi ta yau, kafin ya mutu a Bussa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Foulshiels kusa da garin Selkirk. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya 13 na wani manomi. Ya koyi aikin likita a hannun Thomas Anderson, sannan ya yi karatu a Jami'ar Edinburgh. A 1793 ya yi aikin mataimakin likita a cikin Worcester, babban jirgin fatauci da ya kai shi tsibirin Sumatra.

Tafiya ta farko

A 1795 ƙungiyar African Association ta Landan ta tura shi Afirka ta Yamma. Ya isa Gambiya cikin Endeavour, jirgin da ke sayen kakin zuma da hauren giwa. Ya zauna a Pisania ya koyi harshen Mandinka, sannan ya nausa gabas a kan doki. Sarki Ali na Ludamar ya tsare shi kimanin wata huɗu. Bayan ya kuɓuta, ya isa kogin a Segu a watan Yuli na 1796, ya ga cewa ruwan gabas yake gangarawa. Ya koma gida a ƙarshen 1797, kuma a 1799 ya wallafa littafin tafiyarsa, ya auri Allison, 'yar maigidansa Anderson.

Tafiya ta biyu da jirgin Joliba

Gwamnatin Birtaniya ta sake tura shi a 1805 tare da Turawa fiye da 40, yawancinsu sojoji. Damina ta riske su a hanya, zazzaɓi da atuni suka yi musu ɓarna. Mutum 11 ne kawai suka isa kogin a watan Agusta.

Manyan jiragen teku irin waɗanda Park ya saba shiga suna da ɗakunan kwana da wurin ajiye kaya, amma suna buƙatar ruwa mai zurfi. Kwalekwalen mutanen kogi kuwa yana ratsa ruwa marar zurfi, sai dai ba shi da faɗi ko mafaka. Park ya nemi abin da ke tsakanin biyun. A Sansanding, da taimakon soja ɗaya, ya haɗa lafiyayyun sassan kwalekwale biyu ya fitar da jirgi guda. Tsawonsa ƙafa 40, faɗinsa ƙafa shida, gindinsa a baje, kuma abin da ke nutsewa cikin ruwa bai wuce ƙafa ɗaya ba. Ya yi masa rumfar fatun shanu domin kariya daga kibau da masu, ya sa masa suna Joliba, wato sunan kogin a harshen Mandinka.

Sun tashi a watan Nuwamba na 1805 su tara: Park, Laftanar Martyn, sojoji uku, bayi uku da jagora Amadi Fatouma. Jirgin ne ya zama gidansu, a nan suke ci suke kwana. Park ya guji sauka a garuruwa da biyan kuɗin fito ga sarakuna, wanda ya jawo musu faɗa a wurare da dama. Sun wuce tashar Timbuktu da Gao, suka gangaro ƙasar Dendi, inda Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin suke fuskantar juna a yau, suka bi ta yankin Lolo da Illo a Ƙaramar Hukumar Bagudo har zuwa Yawuri. A lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana gudana a ƙasar Kabi.

Mutuwa

Amadi Fatouma ya rabu da su a Yawuri, domin nan yarjejeniyarsa ta ƙare. A Bussa kogin ya matse tsakanin duwatsu, kuma doguwar siffar da ta amfani jirgin a shimfiɗaɗɗen ruwa ba ta taimake shi a nan ba. Ya maƙale a dutse, aka far musu daga gaɓa. Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa suka nutse. Bawa ɗaya ne ya tsira. Wannan bayani ya fito ne daga Amadi, ta hannun Isaaco, tsohon jagoran Park da aka aika neman labarinsa a 1810.

Bayan mutuwarsa

Park ya yi zaton Neja da Kogin Kwango ruwa ɗaya ne. 'Yan'uwan nan Richard da John Lander ne suka warware batun a 1830, da suka bi kogin cikin kwalekwale har bakin teku. Tsohon garin Bussa ya nutse a tafkin Kainji a 1968.

An daɗe ana koyar da ɗalibai cewa Park ne ya gano Kogin Neja. Masana tarihi da dama sun ƙi wannan magana, domin Sarkawa da Gungawa da Dendawa suna su da fito a kogin tun kafin zuwansa, kuma ko jirginsa daga kwalekwalen mutanen kogi aka sassaƙo shi.