Bernard Lyot, mutumin da ya ƙera husufi da hannunsa

Ƴan uwa matasa, ku tambayi manyanmu labarin husufin rana na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Nijar. A irin wannan husufi, in wata ya rufe rana ruf, wani farin haske kan bayyana kewaye da ita kamar rawani. Masana na ce masa korona. Kullum yana nan, ƙarfin hasken rana ne ke ɓoye shi. A da, mai son nazarinsa sai ya jira husufi, ya yi tafiyar makonni saboda mintoci kaɗan, ƙila ma hadari ya ɓata masa komai.

Bernard Lyot bai yarda da wannan jira ba. An haife shi a Paris a 1897, ya yi karatun injiniya, ya kama aiki a cibiyar binciken taurari ta Meudon a 1920. Dabarar kamar mai sauƙi ce, irin yadda kake kare fitilar mota da tafin hannu don ka ga wanda ke tsaye gefenta. To amma a cikin madubin hangen nesa abin ba haka yake ba. Ko ka toshe rana da faifai, ƙura ɗaya a kan gilashi na watsa haske, bakin gilashin ma na karkatar da shi, komai ya dushe. Nan ne haƙurinsa ya fito. Ya goge gilashi har ba tabo, ya ƙara wani zobe a baya mai tare hasken da ya kauce, ya hau dutsen Pic du Midi, sama da mita 2,800, inda iska ba ƙura. A 1930 ya ga korona ba tare da husufi ba. Na'urar ita ce koronagiraf, zoben kuma har yau sunansa yake ɗauke da shi.

A Fabrairun 1952 ya je Khartum kallon husufi. A hanyar komawa ciwon zuciya ya kama shi a Masar, ya rasu ran 2 ga Afrilu.

Yau da dabararsa ake rufe hasken wasu taurari don a hango duniyoyin da ke zagaya su. Madubin James Webb ya ɗauki hoton ɗaya haka a 2022. Mai kama da tamu kam da saura, don tauraro irin rana ya fi ta haske kusan sau biliyan 10.