Nevill Mott: Masanin da ya bayyana dalilin da ke sa lantarki cijewa

A shekarar 1937, a wani taron masana kimiyya a birnin Biristol na Ingila, wasu masu bincike biyu daga ƙasar Holan, de Boer da Verwey, suka gabatar da matsalar da ta ɗaure wa kowa kai. Bisa lissafin da ake taƙama da shi a lokacin, ya kamata wutar lantarki ta ratsa sinadarin nikel oksaid kamar yadda take ratsa tagulla. A ɗakin gwaji kuwa, sai ta cije.

Cikin mahalarta akwai Nevill Mott, wanda ya zama farfesa a jami'ar garin tun 1933, bai kai shekara talatin ba. An haife shi a Lids ranar 30 ga Satumba, 1905. Harkar gado ce a wurinsa, domin iyayensa duka biyu sun yi aiki a ɗakin binciken Cavendish na Kambirij ƙarƙashin J.J. Thomson, mutumin da ya gano ilektaron, wato ƙwayar da ke ɗaukar lantarki.

Mott da Rudolf Peierls suka lura cewa lissafin ya yi watsi da abu ɗaya: waɗannan ƙwayoyi ba sa ga-maciji da juna. A ɗauka kasuwa ce, kowace rumfa da mai ita guda, kuma babu mai yarda wani ya shigo masa. Ko da kowace rumfa na da sauran wuri, kowa zai zauna inda yake, zirga-zirga ta tsaya. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse aikin, sai a 1949 Mott ya fitar da cikakken bayani. Ya nuna cewa idan aka matse irin wannan sinadari har ƙwayoyin zarrarsa suka kusanci juna, zai iya rikiɗewa farat ɗaya ya koma mai ba wuta hanya. Da sunansa ake kiran wannan sauyi har yau.

Ya shugabanci Cavendish daga 1954 zuwa 1971. A 1977 ya samu lambar Nobel tare da John Van Vleck da Philip Anderson, wanda ya nuna cewa rashin tsari a jikin sinadari ma yana iya tsare ƙwayoyin wuri ɗaya.

A 1986 aka gano wasu sinadarai masu tagulla da ke isar da lantarki ba tare da asara ba a sanyin da bai kai wanda aka saba buƙata ba, kuma asalinsu irin masu cijewar nan ne. Mott, yana da shekara tamanin da ɗoriya, ya sake duƙufa a kansu har rasuwarsa ranar 8 ga Agusta, 1996.